Gidana sabo fil amma bango ya fara tsagewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, sannu da ƙoƙari. Don Allah ina cikin damuwa. Na gama ginin gidana a bayan gari nan Kano, ɗaki uku da falo, ba bene bane. Damina ɗaya kacal ya sha, da sanyi ya shigo sai ga tsaga a bangon ɗakin baya, ta taso daga ƙasa wajen fandisho tana bin layin bulo a karkace har kusurwar taga, ta sama ta fi buɗewa don makullin mota yana shiga. Ƙofar ɗakin ma sai an sa kafaɗa take rufuwa. Filastar falo ita ma duk ta yi ƙananan zane. Na kira maginin yace ba komai gini ne yake zama, in kawo buhun siminti ɗaya ya shafe a bi da fenti. Maƙwabcina kuma yace wajen da can kududdufi ne aka cike. Bikina saura wata uku kuma nan amarya zata tare. In bari ya shafe ko yaya? Mai karatu daga Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam angon gobe, Allah ya sanya alheri ya kaimu lokacin. Kar ka bari a shafe tukuna. Siminti da fenti zasu rufe maka ido ne kawai, in ƙasan gidan bata daina motsi ba damina na dawowa zata sake buɗewa a daidai wajen, ka yi asarar kuɗi sannan ka ɓatar da shaidar da injiniya zai duba.

Ta falo ba abin ɗaga hankali bace. Zanen nan sirara masu kama da saƙar gizo-gizo a fatar filasta suke, yawanci rashin ban ruwa ne ko yashi mai laka ko an yi shafen cikin iskar hunturu ta busar da shi da wuri. Ƙwanƙwasa wajen da makulli, in baka ji ƙarar holoƙo ba mai fenti zai cike da fila, wato kwaɓin toshe tsaga, ya wuce.

Ta ɗakin baya ce maganar. Tsagar da ta hau a karkace tana bin tsakanin bulo da bulo, gefe ɗaya ya fi faɗi, ga ƙofa ta fara cijewa, wannan alamar wani sashe na fandisho ya nutse fiye da sauran ne. Maginin naka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, kowane sabon gini yana ɗan zama, amma mai lafiya tare yake zama duka bai ɗaya, in kusurwa ɗaya ta sauka ta bar ƴan uwanta dole bango ya yage tunda bulo baya lanƙwasa. Injiniyoyi faɗin tsagar suke fara aunawa. Ƙasa da milimita 1 kwalliya ce kawai ta ɓaci, zuwa milimita 5 ana cikewa a gyara, daga 5 zuwa 15 an shiga aikin gaske, in ta haura 25 kuwa sai a tokare bango a fitar da mutane. Taka da makulli ke shiga bata kai ta firgita ba, abin da ya fi faɗin muhimmanci shi ne tana ƙaruwa ko ta tsaya.

Yau ɗin nan ɗauki fensir ka ja layi a ƙarshen tsagar sama da ƙasa ka rubuta kwanan wata, ɗora rula a kai ka ɗauki hoto da waya. Sai ka dama ɗan garin POP ka manna shi siriri ya haɗe bakin tsagar biyu, waje biyu ko uku. Duk sati ka leƙa. In POP ɗin ya fashe ko tsagar ta wuce layin fensir, to gidan yana tafiya har yanzu.

Maganar maƙwabcinka kuma kar ka yar da ita, tsofaffin unguwa sun fi takardar fili sanin tarihin waje. Kano cike take da kududdufan da aka haƙa don ƙasar gini, daga baya aka yi ta zuba shara da ɓaraguzai har suka cika aka yanka fuloti, kuma shara ruɓewa take tana lotsawa shekara da shekaru, ga ruwa baya manta hanyarsa. Ka nemi injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ba wanda ake ce wa injiniya a wajen aiki don ya sa hular kwano ba, ya sa a haƙa ɗan rami ɗaya a gefen kusurwar da ta sauka har ƙasan kankare. Nan komai zai fito. In leda da toka da tsumma kuka tarar ƙarƙashin fandisho an gama magana. Zai kuma ga faɗin kankaren, a ƙa'ida ninki uku ne na faɗin bulo, wato inci 27 ga bulo mai inci 9, da kwaɓin siminti ɗaya yashi biyu tsakuwa huɗu, wanda wasu magina in mai gida baya wajen sai su ja buhu ɗaya ya yi aikin biyu.

Kafin ya zo zagaya bayan ɗakin ka duba ruwa, don a irin wannan matsala ruwa ne kan gaba wajen laifi. Ina indararo yake zuba? Sokawe fa, ba a jikin bangon aka haƙa shi ba? Mu da son cinye fili kaf da ɗakuna sai a rasa inda za a kai shi, alhali ana son ya yi nisan mita 3 zuwa 5 da gini. Duba bututun banɗaki ko yana yoyo a ƙasa, duba kwatar maƙwabta. Ka sa a yi daɓen siminti kamar mita ɗaya zagaye da gida mai gangara waje, wannan ba tsada kuma ko me injiniya ya gano zai yi amfani.

In an tabbatar ta tsaya, gyaran mai sauƙi ne, a fafe tsagar, a sara layin bulo a kwantar da guntayen rodi su ratsa ta, a cike da siminti mai ƙarfi, a ɗora ragar waya a yi filasta, a yi ta ban ruwa aƙalla kwana 7. In kuma tana tafiya sai an ƙara wa fandisho ƙafa, a haƙa ƙarƙashinsa har a taɓa ƙasa mai tauri a zuba kankare, gaɓa-gaɓa kamar mita ɗaiɗai ana tsallake na kusa sai wancan ya kama. Kar ka yarda lebura su buɗe ƙasan bangon duka lokaci ɗaya wai don a yi sauri saboda biki, haka bango ke zubowa kan mutane.

Batun tarewa, in matsalar a kusurwa ɗaya take kuma injiniya ya duba ya amince, amarya zata iya shiga a rufe ɗakin bayan. Amma in ka ga tsaga a jikin ginshiƙi ko linta, ko bango ya fara karkata, ko tayil yana fashewa a layi ɗaya, gara ka kama haya na ɗan lokaci ko da surukai zasu yi magana. Kuɗin gyara kuwa, kwangila mai takarda akan riƙe kashi 5 cikin ɗari na kuɗin magini har wata shida saboda irin wannan, sai dai inaga jinga kuka yi da baki kamar yawancinmu, don haka ka tara rahoton injiniya da hotuna ku zauna da maginin gaban wani babba.

TAMBAYA: Injiniya ni tawa da rani take buɗewa, da damina kuma ta haɗe kamar ba a yi ba. Wata mai karatu daga Numan.

AMSA: Hajiya baƙar laka ce, irin wadda ta yi yawa a wajenku da sassan Gombe da Borno ta gefen Dikwa da Ngala. In ta sha ruwa kumbura take ta ɗaga gini, in ta bushe ta tsuke ta dare. Shafe bazai riƙe ba. Ki sa a yi daɓe mai faɗi zagaye da gidan, a kawar da ruwan wanke-wanke daga jikin bango, kuma kar a dasa darbejiya ko turare kusa don saiwarsu tana tsotse danshin gefe ɗaya. In zaki ƙara ɗaki nan gaba a gwada ƙasar tukuna, a irin wajen nan sau da yawa fandishon raf injiniya ke zaɓa, wato faifan kankare mai rodi da ke ɗaukar ginin gaba ɗaya.