An ja tirelata da sarƙa, giyabos ya ƙone: laifin wa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tirela DAF guda ɗaya, da ita nake ciyar da iyali. Ta ɗauko masara daga Dawanau za ta Ikko, injin ya mutu da daddare bayan an wuce Zariya. Direbana ya samu wani abokinsa ya ja shi da sarƙa har Kaduna, da lodin da komai. Yanzu bakanike ya ce giyabos ma ya tafi, wai jan da aka yi ne ya kashe shi, alhali a firi aka bar giyar. Gaskiya ne? Kuma me ya kamata a yi tun farko?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Bakanikenka gaskiya ya faɗa maka, kuma ka gode wa Allah da abin ya tsaya a kan ƙarfe.

Sa giya a firi yana yanke haɗin inji da tayoyi ne a cikin giyabos kawai, ba ya raba giyabos da tayoyin baya. Mota tana gangarawa, tayoyi suna juya farfela, wato dogon ƙarfen da ya haɗa giyabos da aksil na baya, farfela tana juya sandar da ke cikin giyabos. Amma haƙoran da ke watsa mai a ciki, da famfon mai a motocin da ke da shi, daga ɓangaren inji suke samun juyi. Inji a mace, mai yana kwance a ƙasa, boris ɗin da sandar ke juyawa a kansa yana ta gudu a bushe. Daga Zariya zuwa Kaduna kusan kilomita 80 ne. Ko rabin wannan ya isa ya toya shi. Shi ya sa kafin a ja babbar mota ake kwance farfela daga wajen aksil na baya, a yi mata alama don a mayar da ita yadda take, a ɗaure ta sama da kyau. In ba haka ba a zare sandunan aksil a toshe ramukan don kada mai ya zube, ko janwe ya ɗaga tayoyin baya gaba ɗaya. Aikin rabin awa ne. Sai dai kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota sai an danna weji gaba da bayan taya, domin farfela tana da nauyi, kuma wani lokaci ita ce ke riƙe da motar.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a labarinka shi ne sarƙar. Birkin tirela da iska yake aiki, kwamfiresar da ke tara iskar kuwa inji ne ke juya ta. Da inji ya mutu, iskar da ke cikin tanki ita ke nan, duk taka birki yana rage ta. In ta yi ƙasa sosai, sifirin da ke cikin tukunyar birkin baya sai ya danne tayoyi da kansa, motar ta kafe a tsakiyar titi. A nan ne direbobi suke warware kusoshin da ke bayan tukunyar don su saki sifirin. Motar za ta tafi, amma a sani daga wannan lokacin tana iya zama ba birki ko kaɗan. To ka duba: masara tan 30, ba birki, sitiyari ya yi tauri saboda famfonsa ma a mace yake, sannan abin da ke tsakaninta da ta gaba sarƙa ce da ba ta iya tare komai. A gangara ta baya za ta hau ta gaba. In kuma sarƙar ta tsinke, dukan da take yi yana iya kashe wanda ke tsaye kusa.

Don haka ni ba na yarda a ja babbar mota da sarƙa ko igiyar waya, sai dai a janye ta 'yan taku daga kan kwalta zuwa gefe. Tafiya mai nisa sai da sandar ƙarfe, a maƙala ta a kunnen ja da kamfani ya yi a gaban shasi, ba a bamba ko sifirin taya ba, a kuma jawo tiyon iska daga motar gaba zuwa ta baya don birki ya ci gaba da aiki. A tafi a hankali, a tsaya a garejin farko da zai iya aikin. Mafi alheri a irin halin da kuka shiga shi ne a raba kai da bodi: a sa katakai masu kauri a ƙarƙashin ƙafafun bodin don kada su nutse, wani kan ya zo ya ɗauki lodin, janwe ya tafi da mataccen kan shi kaɗai. Kuma ka gargaɗi yaranka, tukunyar sifirin birki ba a buɗe ta da guduma a bakin hanya. Ƙarfin da ke dunƙule a cikinta yana fasa ƙirji.

Ba ka tambayi wannan ba, amma shi ne na farko. Mintocin da ke biyo bayan mutuwar mota su ne suka fi cin rai. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Ganyen da muke zubawa taku goma a bayan tirela ba ya ba kowa lokacin taka birki, da daddare ko cikin hazon hunturu kuwa ba a ma ganinsa. Direba ya kunna fitilun gargaɗi, ya ja birkin hannu, a sa weji, sannan yaron mota ya bi gefen hanya da tocila ya ajiye alamar nan mai kusurwa uku aƙalla taku ɗari a baya. In a kwana ne ko bayan tudu, ya kai ta inda mai tahowa zai fara gani. Kowa ya koma can gefen daji, kada a shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota, kada a tsaya tsakanin motoci biyu ana ɗaura sanda. A kira jami'an kiyaye haɗurra a 122, ko lambar gaggawa 112. In an tashi tafiya a kwashe duwatsu da rassan da aka zuba, domin su ma sukan kayar da mai babur.

In tankar mai ce kuwa ta faɗi ko take yoyo, magana ta canja gaba ɗaya. Ba a ja, ba a tada inji kusa, ba taba sigari, aikin farko shi ne korar jama'a nesa. Ba mu manta Majiya a Jigawa ba, a watan Oktoban 2024, inda sama da mutum 150 suka rasu wajen kwasar fetur, da kuma mahaɗar Dikko a jihar Neja a Janairun 2025. Allah ya jiƙansu.

Game da direbanka, ina ganin rashin sani ne ya fi yawa, ka zauna da shi a natse ka saya masa sandar ja da alamomi biyu masu kyalli. Idan an gama gyara, kafin motar ta bar gareji, ka sa bakanike ya nuna maka da idonka cewa an mayar da kusoshin sifirin birki yadda suke. In aka manta da su a warware, direba zai ja birkin hannu ya sauka, motar kuwa ba abin da ke riƙe da ita.