Ni ma na sha irin wannan maganin, ɗan'uwa

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai na ji kamar ni na rubuta. Ka ce likita ya rubuta maka sertraline saboda saurin kawowa, ka duba takardar cikin kwalin ka ga maganin ciwon damuwa ne, har kana zargin ya ɗauke ka mai taɓin hankali. Wallahi ba haka ba ne. Irin waɗannan magungunan suna ƙara sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa, shi kuma yana jinkirta fitar maniyyi, shi ya sa ake ba irinmu.

Ni ba likita ne ya ba ni ba, a nan na tafka wauta. Wani abokina ne ya miƙo min paroxetine, wanda shi ma irin wannan maganin ne, ya ce in riƙa shan ɗaya kullum. Satin farko ban ga komai ba sai hamma da tashin zuciya. A sati na uku kuwa na ga canji, ni da ko minti 1 ba na kaiwa. Sai zalama ta sa na ninka.

Akwai daren da ba zan manta ba. Na yi gumi sharkaf, kawowa ta gagara, can gaban ma ya kwanta, sha'awar ta ɗauke ɗif. Maiɗakina ta juya ta fuskanci bango, ta ce, "Ko dai akwai wata ce?" Na buɗe baki na rasa abin faɗa. Da safe na zubar da sauran ƙwayoyin don haushi. Bayan kwana 2 sai jiri, sai wani zirr a kaina kamar an jona min lantarki, ga faɗa da kowa ba dalili. Na kira abokin nan, ya tuntsire da dariya, wai in haɗa da tramadol zan miƙe. Ka ji fa! Likitan da na gani daga baya ya ce haɗin nan kan sa serotonin ya yi yawa, a yi zazzaɓi da karkarwa, wani har ya rasa ransa. Har yau gaisuwa ce kawai tsakanina da abokin nan.

Ka sha yadda aka rubuta maka, ka ba shi sati 2 zuwa 3. Kada ka daina farat ɗaya, likita ne zai riƙa rage maka. Kuma in ka daina matsalar na iya dawowa, tawa ta dawo. In shan kullum ya dame ka, tambaye shi dapoxetine, wanda ake sha awa 1 zuwa 3 kafin saduwa da iyali, sau ɗaya tak a awa 24, da cikakken kofin ruwa saboda jiri.

Af, don Allah ka gaya wa iyalinka kana shan magani. Ni sai da na kai ta gaban likitan ta ji da kunnenta kafin ta yarda babu wata.