Amsa: Shin limamin soja ma sai ya yi gudu?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce kana son neman aikin limanci a rundunar sojan ƙasa ta Najeriya, kana tambaya ko za a ɗaga maka ƙafa wajen horo tunda ba yaƙi za ka yi ba.

Gaskiya kada ka sa rai. Yarjejeniyar Janiba ta 1949, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan dokokin yaƙi, ta ba malaman addini na soja kariya a fagen daga, amma ba ta raba su da fareti ba. Limami da fasto kowa kaki zai sa, kuma inda bataliya ta nufa nan za su bi.

Ka fara da sassarfa bayan sallar asuba, kilomita 2, kwana uku a mako, kana ƙarawa sannu a hankali. Masu ɗaukar abin da zafi tun makon farko, ciwon ƙwauri ke zaunar da su. Sayi kambas mai taushin ƙasa, ka guji kwalta, filin ƙwallo ya fi. In jiki ya saba, zuba yashi a jakar goyo ka riƙa doguwar tafiya da ita. Mu almajirai zaman tabarma ya ba mu ƙarfin haƙuri, bai ba mu na cinya ba.

Kafin duk wannan, je asibiti a auna jininka, a duba ido da zuciya, don a tantancewar lafiya ake zubar da mutane da yawa. Idan azumi ya riske ka, mayar da gudun bayan tarawihi, ka sha ruwa sosai.