Amsa ga mai neman kaboyin rikicin gida

Ɗan'uwa, abin da ya dame ka ya daɗe yana damuna. Ka ce ka gaji da kaboyin harbe-harbe, kana son na garke da rigimar uba da 'ya'ya, kuma wanda aka tura maka rabin mutanen ba sa fitowa a allo.

Fara da Broken Lance na 1954. Spencer Tracy ne uban, 'ya'ya huɗu, uku na matar fari, autan kuma uwarsa Ba'indiyar Amurka ce. 'Yan ubanci ne tsantsa. Kamfanin haƙar tagulla ya gurɓata ruwa shanu suka mutu, uban ya je ya farfasa wurin, autan ya ɗauki laifin ya yi shekara 3 a kurkuku. Yayyen nan kuwa, wallahi har yau suna ba ni takaici! An ce a biya diyya a fito da ƙaninsu, suka ƙi, baƙin ciki ya kwantar da tsohon. Amma shi ma ya mora su kamar 'yan ƙwadago tun suna yara, kada ka wanke shi.

Maganar hoto, nan ne ake cutar mu. Fim ɗin faɗinsa ya ninka tsayinsa sau biyu da rabi. Masu sakawa sai su datse gefe biyu don ya cika allo, uba na magana, ɗan da yake yi wa faɗa an yanke shi. Kafin ka ƙona data, duba: in babu baƙin layi sama da ƙasa, bar shi. Haka The Big Country na 1958, rigimar gida biyu kan ruwan shayar da shanu, kusan awa uku ne, in ka ga bai kai ba an gutsure.

Red River na 1948 kuwa fari da baƙi ne, baƙin layinsa a dama da hagu yake, kada ka ja hoton don ya cika allo. John Wayne da ɗan riƙonsa, kora shanu daga Texas, har yaron ya ƙwace garken ranar da tsohon ya tashi rataye makiyaya biyu. Iri biyu ne: mai minti 133 ana nuna shafin littafi, mai 127 murya ke ba da labari. A waya ɗauki mai muryar, rubutun ba ya karantuwa.