Lambobin da Kaka Ya Dawo da Su Daga Yaƙin Bama

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Kakana na wajen uba tsohon soja ne da ya yi Yaƙin Duniya na Biyu a ƙasar Bama (wadda yanzu ake kira Myanmar), kuma ya rasu tun ina ƙarama. Kwanan baya aka buɗe akwatinsa aka tarar da lambobin yabo huɗu, biyu masu siffar tauraro, biyu zagayayyu, tare da wata tsohuwar takarda. A gida ana cewa Turawa sun ba shi lambar jarunta, amma babu wanda ya san abin da ya aikata. Ina so in rubuta tarihinsa saboda 'ya'yanmu. Daga ina zan fara?
Wata mai karatu

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan kakanki, ya gafarta masa, ke kuma ya saka miki da alheri bisa wannan niyya.

Ki fara da lambobin, domin ba dukansu ne matsayinsu ɗaya ba. Gwamnatin Birtaniya ta raba lambobi iri biyu a wancan yaƙi: akwai na halartar fagen daga, waɗanda duk sojan da ya cika sharaɗi yake samu, akwai kuma na jarunta, waɗanda ba a bayarwa sai kwamanda ya rubuta abin da mutum ya yi an amince. Taurarin nan biyu masu tsini shida na rukunin farko ne. Bisa bayaninki, ɗaya zai kasance tauraron 1939 zuwa 1945, ɗayan kuma tauraron Bama, wanda aka bai wa waɗanda suka yi aiki a can tsakanin 11 ga Disamba 1941 da 2 ga Satumba 1945, kuma za ki gane shi da ƙyallensa mai ja a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefe. Cikin zagayayyun, wadda ke da hoton zaki ɗaya tsaye a kan wani dodo a bayanta ita ce lambar yaƙi ta gama-gari, wadda aikin kwana 28 ya isa a samu.

Ta huɗun ce za ta raba gardama. Ki juya ta ki duba bakinta da kyau. Idan ta azurfa ce, ƙyallenta shuɗi mai duhu da ratsin fari da ja, kuma an zana lambar soja da muƙami da suna da bataliya a kewayen bakin, to, ita ce Military Medal, wadda aka ƙirƙiro a 1916 domin ƙananan sojoji da suka nuna bajinta a fagen fama, kuma maganar mutanen gidanku ta tabbata. Idan ƙyallen kore ne da ruwan lemo da siririn baƙi, lambar tsaron ƙasa ce, ta halarta. Ki kuma lura ko an maƙala ɗan ganyen tagulla a jikin wani ƙyalle, domin alama ce cewa an ambaci sunansa da yabo a rahoton da babban kwamanda ya aika Landan.

Ko da ta kasance babu ta jarunta a ciki, kada ranki ya ɓaci, kuma kada ki ƙara wa labarin gishiri, domin abin da tauraron Bama yake shaida ba ƙarami ba ne. Sojojin Nijeriya sun tafi can ne a cikin rundunoni biyu na Afirka ta Yamma. Runduna ta 81, mai tambarin baƙin gizo-gizo, an kafa ta a 1943, ta bi ta Indiya ta shiga kwarin Kaladan da ke yankin Arakan a 1944, inda babu hanyar mota, sai jiragen sama su jefo abinci da harsasai, mutane su ɗauka a ka su ratsa ƙungurmin daji da tsaunuka, ga damina mai tsanani, ga zazzaɓin cizon sauro, ga sojojin Japan. Runduna ta 82 ta biyo baya, suka haɗu suka ƙwace garin Myohaung a Janairun 1945. Wasu bataliyoyin Nijeriya uku kuwa, ta 6 da ta 7 da ta 12, an sauke su ne a bayan layin abokan gaba tare da dakarun musamman da ake kira Chindit, na Janar Orde Wingate na Birtaniya. Sunayen waɗannan wurare suna nan a jikin barikokinmu, irin su Arakan da Myohaung a Legas da Chindit a Zariya, ko da yake da yawa cikin masu wucewa ta ƙofarsu ba su san asalin sunayen ba.

Tsohuwar takardar nan, a ganina, ta fi lambobin daraja wajen aikin da kika sa gaba, musamman idan takardar sallama ce. A cikinta ake samun lambarsa ta soja, da bataliyarsa, da ranar da aka ɗauke shi da ranar da aka sallame shi. Ki kula da yadda aka rubuta sunansa, saboda a zamanin mulkin mallaka sau da yawa akan haɗa sunan yanka da sunan garin mutum a maimakon na mahaifinsa, don haka wanda ya je bincike da sunan da aka san shi da shi a gida yana iya dawowa hannu rabbana. Lambar soja ita ce ba ta canzawa. Da ita za a iya duba jaridar gwamnatin Birtaniya, London Gazette, wadda take buga sunan duk wanda aka bai wa lambar jarunta, da kuma Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kew a Landan, inda aka adana yawancin takardun shawarar bayar da irin waɗannan lambobi, masu bayanin abin da soja ya aikata da wurin da ya aikata shi. Ana iya bincika su ta intanet. A nan gida kuma akwai Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da Arewa House a Kaduna, da ofishin ƙungiyar 'yan mazan jiya na jiharku.

Sai dai abin da ya fi gaggawa shi ne tsofaffin da suka zauna da shi, domin takardu za su jira ki, su kuwa ba lalle ba ne. Ki je wurin gwaggonninki da baffanninki da duk wani aboki nasa da ya rage, ki naɗi muryarsu a waya, ki tambaye su yadda aka yi ya shiga soja, da abin da yake faɗa game da jirgin ruwa da daji, da sana'ar da ya kama bayan ya dawo, da abin da ba ya son a tambaye shi. Kaɗan ne daga cikin mazan jiya tarihi ya riƙe sunansu, kamar Samanja Chari Maigumeri, wanda ya fara soja a ƙarƙashin Jamusawa a Kamaru, daga baya ya yi wa Ingila yaƙi har ya samu Military Medal, ya yi ritaya a 1953, aka sa wa barikin Lokoja sunansa. Sauran dubban, in iyalansu ba su rubuta ba, babu mai rubutawa. A rubutunki ki bambanta abin da takarda ta tabbatar da abin da aka ji daga baki, ki faɗi wanda ya ba ki kowane labari.

Su kuwa lambobin, kada a goge su da toka ko man goge ƙarfe, kada a cire tsofaffin ƙyallayen ko da sun koɗe, kuma kada a rarraba su tsakanin magada, domin a haɗe ne suke ba da cikakken labarin aikinsa. Ki ɗauki hotonsu gaba da baya da kuma bakin kowace, ki ɗauki na takardar, ki raba wa dangi, sannan a ajiye na asalin a wuri busasshe a hannun mutum ɗaya da kowa ya amince da shi.