Ku Tambayi Kawu: Yaro Mai Tsoro a Kan Dutse, da Batun Igiyar Gwanjo

Kawu, na daɗe ina hawan dutse da igiya tare da abokai. Ina so in kai ƙanena ɗan shekara 14 wajen Dass, irin hawan nan na zango-zango, a hau a tsaya a sake hawa. Yana so, amma ko tsani ya taka ƙafarsa rawa take. Ya zan yi? (Daga Yelwa, Bauchi)

Ɗana, rawar ƙafarsa ba ta dame ni ba. Yaro mai tsoro yakan duba kullinsa sau biyu. Tsarinka nake ji. Idan ka yi gaba, shi kaɗai zai rage a ɗan gefen dutse yana sakar maka igiya, ba ya ganinka, iska kuma ta kwashe muryarka. Ka zame, ranka na hannun ɗan shekara 14. Don haka ku je ku uku, babba ƙwararre ya zauna da shi a kowane zango.

Kafin nan ya yi ta hawan gajeren dutse da igiya daga sama, har ya iya jingina da ita ya saki hannu biyu, ya kuma iya kullin nan mai siffar 8 da kansa. Ranar farko zango biyu ya isa, a hanyar da za a iya saukowa ta baya da ƙafa, domin wajen sauka da igiya ake yawan yin ganganci. In dole ne, ku ƙulle bakin igiyar. Ku fita bayan asuba, kafin dutse ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Ka faɗa masa tun a gida cewa in ya ce ya fasa, an fasa, kuma ba mai jin labarin a majalisa. Kada in ji "kai ba namiji ba ne?"

Na samu igiya da ƙugiyoyi shida a gwanjo, da araha sosai. Mai kayan ya rantse na Turai ne. In ƙara sayen ɗamarar da ake ɗaurawa a ƙugu a maƙala igiya? (Daga Gombe)

Kada ka ƙara ko sisi. Na gaji da wannan tambaya. Mutum zai zuba kuɗi a waya, ya sake mata gilashi da riga, amma abin da zai rataye ransa a kai shi yake nema a tsibin gwanjo.

Igiyar hawa ba igiyar guga ba ce, ba kuma wadda ake ɗaure buhuna a tirela ba. An saƙa ta ne ta riƙa miƙewa idan mutum ya faɗo, ta shanye ƙarfin fizgar. Wadda ba ta miƙewa ko ba ta tsinke ba, bayanka ne zai karɓi dukan. Ta gaskiya tana da lambar EN 892 a bakinta, wato ƙa'idar ingancin igiyar hawa ta Turai, yawanci da tambarin UIAA, ƙungiyar masu hawan dutse ta duniya. Ƙugiya kuwa a jikin ƙarfen ake rubuta ƙarfinta, kuma irin da aka saba hawa da ita ba ta gaza 20 kN (ma'aunin ƙarfin jan da za ta iya jurewa) a tsaye idan bakinta na rufe. Waɗancan masu launi da ake rataye makulli da su, duba da kyau, wasu ma an rubuta cewa ba na hawa ba ne.

Ko ta Turai ce da gaske, wa ya san inda ta kwana? Ruwan batir ya taɓa igiyar nailan, ya cinye ta ta ciki, ido bai gani ba. Rana ma na cinta. Masu ƙera ta da kansu sukan ce ko ba a taɓa amfani da ita ba, kada ta wuce shekara 10. Mai gwanjo ya san shekararta? Rantsuwarsa ba ta riƙe mutum a sama. Tambari ma ana kwaikwayonsa: a 2011 kamfanin Petzl mai ƙera kayan hawa ya yi gargaɗin cewa ana sayar da jabun kayansa. Ka sayi sabo a hannun dillalin da kamfani ya sani, da takardarsa da ranar ƙira. Na san yadda dala take. Ku haɗa kuɗi ku huɗu ku sayi igiya ɗaya ta kirki. Ta gwanjon a shanya kaya a kai.

Wace waya ce ta fi ɗaukar bidiyon TikTok ana tsakiyar hawa?

Wadda ke cikin jaka. Hannun da ke riƙe igiyar ɗan'uwanka ba ya riƙe waya.

Kawu, 'yata ɗaliba ce, ta nace za ta bi ƙawayenta hawan dutse wajen Kaltungo. Na kasa barci. In hana ta? (Wata uwa daga Billiri)

Mama, kwantar da hankalinki, kin yi daidai da kika tambaya. Ki kira wanda zai jagorance su ya zo har gida. Ki tambaye shi ko ya taɓa hawan wannan hanyar, su nawa ne ƙwararru, kuma in yarinya ta tsorata a tsakiya ta yaya zai sauko da ita. In ya fara "ai ba komai, Mama", kada ta je. In ya amsa dalla-dalla, ki saya mata hular kwano ta hawan dutse, saboda tsakuwar da na sama ke turowa, da rufaffen takalmi. Ke kin san ƙasarku da kububuwa, ba banza aka yi asibitin saran maciji a Kaltungo ba. Kada ta cusa hannu a ramin da ba ta gani, ta kuma kula da ƙudan zuma a tsagin dutse. Mayafi a cusa shi cikin riga kada ya shiga ƙarfen igiya. Da damina kuwa, ko dutse ya jiƙe, a ɗaga tafiyar. Ki karɓi lambar jagoran, ku ajiye lokacin da za su kira ki in sun sauko.