Amsar Baffa: Yaro yana yi wa ubangidansa gyara?

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Saƙonka ya iso, na karanta shi a tsanake. Ka ce an kawo muku, a ɗakin gyaran kayan asibitin da kake koyon aiki, na'urar tace oksijin daga ɗakin kwantar da yara, ƙararrawarta tana ta kuka, ubangidanka ya buɗe ta, ya zare wayar ƙararrawar, ya rufe, ya ce a mayar. Kai kuma ka san ba a gyara komai ba, amma bakinka ya yi nauyi, don a gida an hore ka da cewa yaro ba ya yi wa babba gyara. Kana tambaya ko shirun nan naka shi ne al'ada. Ka haɗa da ƙorafin cewa tun zuwanka shara da wankin soso kawai ake sa ka, sai kuma tambayar ko ya dace ka karɓi tukuici a wurin aiki.

Bari in fara da sharar, ita ce mai sauƙi. Duk sana'ar hannu a ƙasar Hausa haka ake shigarta. Ɗan maƙera ba ya fara da masaba. Zuga-zugi ake ba shi, ya yi ta hura wuta yana zuba gawayi, idonsa na kan ƙarfe, har ya san jan da ake jira kafin a ɗora shi a kan uwar maƙera. Ba wanda ya zauna ya karanta masa wannan, zaman kusa da wutar ne ya koya masa. To kai sosonka ne zuga-zuginka. Ɗan baƙin soson nan da ke bayan na'urar, wanda kake cirewa ya yi ja da ƙurar hunturu, shi ke tare ƙura kada ta isa kwamfaresa, wato injin da ke matsa iska. In ya toshe injin ya yi zafi. In ka wanke ka mayar da shi da danshi, ka ja wa na'urar wata cutar. A wanke duk mako, a shanya a inuwa, sai ya bushe ƙarau. A zamanin da nake ɗakin gyara, mafi yawan abin da ake turo mana da sunan ya mutu ba wani babban ciwo ba ne: ƙura ce, ko fis, ko waya ta tsinke a bakin fulogi, ko an soka kayan kyauta na Amurka mai bolt 110 a wutarmu mai 230. Wanda ya raina shara ba zai ga waɗannan ba.

Yanzu ga babbar maganar.

Ka san yadda abin yake aiki, amma bari in maimaita don ka ji nauyinsa. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin, kusan 78 kuwa naitirojin ne. Na'urar tana tura iska cikin wasu tuluna biyu cike da ƙwayoyin wani ma'adini da ake kira ziyolait, su riƙe naitirojin, oksijin ɗin da ke cikin abin da ya fito ya kai kashi 90 zuwa sama. Idan ƙwayoyin suka sha danshi ko suka tsufa, ko wani bututu na yoyo, adadin sai ya yi ta sauka, kuma da ya faɗi ƙasa da kashi 82 ake so ta yi kuka. Abin tsoron shi ne ko ta lalace ba ta daina hurawa. Kwalbar ruwan da iskar ke bi ta ciki tana ta ɓulɓula, ƙwallon ma'aunin yawan iskar da ke fita yana tsaye a kan lita biyu, uwa tana zaune a gefen gado ta ga bututu a hancin ɗanta hankalinta ya kwanta, alhali wataƙila abin da yaron yake shaƙa bai fi iskar ɗakin da komai ba. Kukan nan kaɗai ne zai gaya wa nas gaskiya, shi kuma aka toshe masa baki.

Ban ce ubangidanka mugu ba ne. Na san irin matsin: an rubuta takardar neman kayan gyara an kai ofis shiru, sista tana aiko wa ƙara ta hana yara barci, ga babu wata na'urar da za a musanya. Amma uzurinsa ba ya ƙara wa iskar nan ko kashi ɗaya.

Shin al'ada ta ce ka yi shiru? Ba ta ce ba. Abin da ta hana shi ne ka tsinka babba a gaban mutane, ka ɗaga masa murya, ko ka je kana yi da shi a bayan ido. Dubi salla: liman ne a gaba, ya girme ka, ya fi ka karatu, amma in ya yi mantuwa na baya ne ke cewa subhanallah, ko da yaro ne, kuma ba wanda ya taɓa kiran wannan rashin kunya. Iyayenmu da suka ce a girmama na gaba, su ne dai suka raina mu a kan wannan.

Saboda haka ka same shi shi kaɗai, bayan ka gaishe shi yadda ya kamata. Kada ka ce “Malam, abin da ka yi ba daidai ba ne.” Ɗauko ma'aunin oksijin, in kuna da shi, ka ce, “Malam, ina so ka nuna mini yadda ake auna wadda muka mayar jiya.” Ku je tare, ka bar shi ya riƙe ma'aunin da hannunsa. In lamba ta nuna 50 ko 60, ba sai ka ƙara ko kalma ba, kuma gyaran ya zama nasa, girmansa bai zube ba. Yawancin manya a nan suke sauka. In ya ƙi, Bahaushe yana da kamun ƙafa: ka nemi sa'ansa a wurin aiki, wanda suke cin abinci tare, ka gaya masa a asirce. In wannan ma bai yi ba, sai shugaban sashe, kuma ka sanar da ubangidan naka za ka je, kada ya ji a bakin wani.

Sai dai duk wannan bin matakin na na'urar da ke ajiye ne. Wadda ke hancin yaro a yanzu ba ta jiran sai an sami lokacin da ya dace. Yau ɗin nan ka je wurin sistar da ke riƙe da ɗakin, ka ce mata ƙararrawar wannan ba ta aiki, ta sa ɗan ma'aunin yatsa mai nuna oksijin ɗin jini ta duba yaron, in akwai tukunyar oksijin a koma kanta. Ba sai ka ambaci sunan kowa ba. Sannan ka rubuta a littafin gyara abin da aka yi da ranar da aka yi, ka manna takarda a jikin na'urar. Kuma tunda na ambaci tukunya: kada giris ko mai ya kusanci bakinta, ko da hannunka ne ya shafo, wuta take kamawa.

Tukuici kuwa, na ɗan aike ne da ya kawo kyauta, ba na ma'aikacin da ake biya albashi ba. In sista ta miƙo maka goro ko ta ce zo ga shayi, karɓi ka yi godiya, zumunci ne. Amma dangin majinyaci, waɗanda wataƙila akuya suka sayar kafin su zo, kada hannunka ya taɓa kuɗinsu, ko sun rantse maka. Ka ce su yi maka addu'a. Haka ɗan kwangilar da zai ba ka na cefane don ka sa hannu a kan kayan da ba ka gwada ba.

In ka zo hutun Salla ka taho da littafin na'urar, akwai shafin zanen wayoyi da nake so mu duba tare. Ka gaishe da babarka, ka ce mata ƙafar ta yi sauƙi. Ka rubuto mini lambar da ma'aunin ya nuna.

Baffanka.